Bilali Muhammadu da Musulmin Tsibirin Sapelo

Sapelo tsibiri ne da ke gaɓar Tekun Atlantika, a gundumar McIntosh ta jihar Jojiya, kudu maso gabashin Amurka. Babu gadar da ta haɗa shi da babban yanki, don haka sai da jirgin fito ake shigarsa. A farkon ƙarni na 19 wasu bayi Musulmi da aka kwaso daga Afirka ta Yamma sun rayu a cikinsa, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Bilali Muhammadu, wanda ya bar ɗan littafi na Larabci mai shafi 13 da ya rubuta da hannunsa. Zuriyarsa na cikin al'ummar da ake kira Gullah-Geechee, wato jikokin bayin da suka yi noman shinkafa da auduga a gaɓar Karolina da Jojiya da arewacin Filorida.

Asalinsa da zamansa a gandu

An haifi Bilali a wajajen 1770 a Timbo, babban birnin daular Futa Jalon da ke ƙasar Gini ta yau, daular da malaman Fulani suka kafa kuma karatun addini ya yi ƙarfi a cikinta. An kama shi yana matashi, aka sayar da shi, ya yi shekaru yana bauta a tsibiran yankin Bahamas kafin Thomas Spalding ya kawo shi Sapelo tare da iyalinsa. Spalding ya mallaki kudancin tsibirin a 1802, ya kafa babban gandu na auduga mai dogon zare da rake, wanda ɗaruruwan bayi suke nomawa. Bilali ya zama sarkin gandu, shi ke raba aiki, shi ke lura da wanda ya gama da wanda bai gama ba.

Wannan muƙami yana da fuska biyu, kuma bai kamata a rufe ɗaya ba. Ya ba shi damar riƙe addininsa a fili da tsare iyalinsa wuri guda, amma kuma ya sa shi zama hannun ubangida a kan sauran bayi. Lokacin yaƙin da Amurka ta yi da Ingila daga 1812 zuwa 1815, sojojin ruwan Ingila sun sauka a tsibiran Cumberland da St. Simons da ke kusa, suka yi wa bayi alkawarin 'yanci, kuma da yawa suka bi su. A Sapelo kuwa, an ruwaito cewa Spalding ya raba wa bayinsa bindigogi ya sa Bilali a gabansu, abin da ba kasafai mai bayi yake yi ba a kudancin Amurka. Sojojin Ingila ba su kawo wa tsibirin hari ba. Haka nan a guguwar teku ta watan Satumba na 1824, an ce Bilali ne ya tattara mutane ya shigar da su rumbunan auduga da gidan matsar rake masu kaurin bango, suka tsira. Duk waɗannan labarai daga bakin iyayengiji da danginsu suka fito, mutanen da ke son nuna wa duniya cewa bayinsu masu biyayya ne, saboda haka masana tarihi suke karɓarsu da taka-tsantsan.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan gaɓa. A St. Simons akwai Salihu Bilali, Bafulatani daga Masina a ƙasar Mali ta yau, wanda shi ma sarkin gandu ne a gonakin iyalin Couper. Ubangidansa ya rubuta cewa yana karanta Alƙur'ani, yana azumi, ba ya shan giya, kuma an buga wannan bayani a 1844.

Littafin mai shafi 13

Kafin rasuwarsa a ƙarshen shekarun 1850, Bilali ya ba wani marubuci mai suna Francis Goulding ɗan littafinsa. Daga hannun iyalin Goulding ya koma ɗakin karatu na jihar Jojiya a farkon shekarun 1930, yanzu kuma yana ajiye a ɗakin karatu na Hargrett da ke Jami'ar Jojiya a garin Athens. Shekara da shekaru ana ɗauka littafin tarihin rayuwarsa ne, ko lissafin ayyukan gandu, domin babu wanda ya iya karanta shi a cikin waɗanda suka riƙe shi.

Wanda ya fara warware zaren shi ne Joseph Greenberg, masanin harsuna wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a 1938 da 1939. Ya nuna wa malamai a arewacin Najeriya kwafin shafukan, kuma bisa rahotonsa, da farko rubutun ya gagare su har suka danganta shi da aikin aljannu. Dalilin wahalar a bayyane yake ga duk wanda ya duba takardar: tawadar ta ratsa daga wannan fuska zuwa waccan, marubucin kuma yana musanya baƙaƙe masu kama da juna a furuci, alamar mutumin da ke rubuta abin da ya haddace da ka tun yana yaro, bayan shekaru masu yawa ba tare da malami ko wani littafin da zai duba ba. A maƙalar da ya buga a 1940, Greenberg ya ce sassan littafin sun fito ne daga Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, littafin fiƙihun Malikiyya na ƙarni na 10 wanda har gobe ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. Masanan da suka biyo baya sun ga cewa ba kwafi ne kai tsaye ba, taƙaitaccen bayani ne da Bilali ya tsara da kansa a kan tsarin littattafan da ya karanta. Abin da ake iya karantawa ya shafi aƙida, alwala, kiran salla da sallar asuba, an kuma rubuta shi da salon rubutun Magariba irin na makarantun Afirka ta Yamma.

Babu suna ɗaya na ubangida a cikin abin da aka karanta, babu maganar auduga ko bulala. Abin da ya ga ya dace ya adana shi ne darasin da aka katse masa.

Abin da jikoki suka tuna

A ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin tarayya ta tura marubuta su tattara labarai daga tsofaffi a gaɓar Jojiya, aka buga sakamakon a 1940. A Sapelo sun zanta da Katie Brown da Shad Hall, dukansu tattaɓa-kunnen Bilali. Daga bakinsu aka samu sunayen 'ya'yansa mata bakwai: Margaret, Hester, Charlotte, Fatima, Yoruba, Madina da Bintu. Katie Brown ta ce Bilali da matarsa Phoebe ba sa wasa da lokacin ibada, suna shimfiɗa 'yar tabarma su durƙusa a kai, suna jan dogon carbi, shi yana faɗin wasu kalmomi da ta tuna da su a matsayin “Belambi, Hakabara, Mahamadu”, ita kuma tana amsawa da amin. Ta ce kakarta Margaret tana yafa farin mayafi wanda ke saukowa har kafaɗa.

Bayanin da ya fi kowanne filla-filla shi ne na abincin da suke kira saraka. Ana jiƙa shinkafa ta kwana a ruwa, da safe a zuba a turmi a daka da taɓarya, a sa zuma ko sukari, a mulmula a fyaɗa da tafin hannu, sannan a raba wa yara. Katie Brown ta ce sau ɗaya a shekara ake yi, a wata babbar rana, Shad Hall kuma ya ce kakarsa Hester a farkon kowane wata take yi. Sunan daga sadaka yake, kuma duk wanda ya ci gumbar sadaka zai gane abin. Su masu ba da labarin Kiristoci ne, domin Musuluncin bai wuce 'ya'yan Bilali da ƙarfi ba. An kafa cocin Baptist na farko na baƙaƙen fata a tsibirin a 1866.

Batun ƙasa

A ranar 16 ga Janairu 1865, ana dab da ƙarshen yaƙin basasar Amurka wanda ya kawo ƙarshen bauta, Janar William Sherman na sojojin gwamnatin tarayya ya ba da umarnin a raba wa 'yantattun bayi filayen wannan gaɓa, eka 40 ga kowane gida, amma kafin shekarar ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin iyayengiji mafi yawansu. Mutanen Sapelo suka haɗa kuɗi suka sayi fili a Raccoon Bluff a 1871, wasu ƙauyuka kuma suka kafu a sassa daban-daban na tsibirin. Attajirin motoci Howard Coffin ya sayi mafi yawan Sapelo a 1912, Richard Reynolds, magajin kamfanin taba, ya karɓa a 1934. A zamaninsa aka matsa wa mazauna ƙauyukan da musayar filaye har aka tattara su a wuri ɗaya, Hog Hammock, mai faɗin eka ɗari huɗu da 'yan kai. Jihar Jojiya ta sayi sauran a 1969 da 1976, yanzu kuma kusan kashi 97 cikin ɗari na tsibirin a hannunta yake.

Cornelia Walker Bailey, wadda ta fito daga zuriyar Bilali kuma ta rasu a 2017, ta shafe rayuwarta tana fafutukar kada filayen Hog Hammock su suɓuce wa masu su. An sa ƙauyen cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1996, amma hakan bai hana harajin filaye tashi sosai a 2012 ba, bayan masu kuɗi daga waje sun fara gina gidajen hutu. A watan Satumba na 2023 hukumar gundumar McIntosh ta ninka girman gidan da doka ta yarda a gina a ƙauyen fiye da sau biyu, mazauna kuma suka garzaya kotu suna cewa hakan zai ƙara haraji ya kore su. Zuriyar bayin Spalding da ke zaune a tsibirin dindindin a yau ba su wuce 'yan gomomi ba.