Waiwaye: awon zartsi da abin da ruwan Gulbin Maraɗi ke ɗauke da shi

Gulbin Maraɗi kogin damina ne. Yana tasowa daga ƙasar Katsina, inda ake ce masa kogin Gada, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta gefen Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. Ƴan watanni yake gudu, sauran shekara sai rairayi. Amma wani ɓangare na ruwan yana nan kwance ƙarƙashin rairayin, kuma shi rijiyoyin fadama ke kamawa da rani. Saboda haka maganar gishirin gulbi a nan ba ta rabuwa da maganar rijiya.

Harshe ne ma'aunin farko. Mai ginin rijiya ya kai ga ruwa, sai ya ɗanɗana ya ce na daɗi ne ko na zartsi. Mata na ganewa idan sabulu ya ƙi kumfa, manomi kuma idan ƙasa ta yi farin ɓawo bayan ruwa ya janye. Mutanen da suka daɗe suna sayen gishirin Bilma da na Foga da mangul da kanwa ba baƙin gishiri ba ne. Abin da harshe ba ya iyawa shi ne ya ajiye lissafi, a kwatanta bana da shekara ashirin baya.

Masana sun fara ne da hanya mai sauƙi: a tace ruwa, a ƙafe shi da wuta, a auna abin da ya saura a gindin mazubi. Har gobe ana yin haka a ɗakin gwaje-gwaje. A shekarun 1870 wani Bajamushe, Friedrich Kohlrausch, ya daidaita hanyar auna yadda ruwa ke ɗaukar wutar lantarki, domin gwargwadon gishirin da ya narke, gwargwadon yadda wuta ke ratsawa. Daga nan aka samu na'urorin da ake tsomawa a ruwa. A 1963 Daniel Livingstone na Amurka ya tattara awon koguna, ya ƙiyasta cewa matsakaicin kogin duniya na ɗauke da kimanin miligiram 120 na narkakken gishiri a kowace lita. Na teku kuwa wajen 35,000 ne. Kogin Neja da ke ratsa Yamai yana cikin masu ƙarancin gishiri, galibi ƙasa da 100, saboda yana fitowa daga tsofaffin duwatsun Gini da ruwan sama ya daɗe da wankewa.

A ƙasarmu, yawan ruwa aka fara damuwa da shi, kuma da dalili. Ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin Maraɗi daga kwari ta mayar da shi kan tudu. Masu binciken ruwa na Faransa, wato na cibiyar bincike ta ORSTOM wadda ta koma IRD a 1998, sun yi shekaru suna bin tsayin gulbi a Nyelwa, kusa da iyaka. Wannan awo yana da amfani ga mai neman sanin gishiri, domin abu biyu ne ake nema. Akwai kaurin gishiri a lita ɗaya, akwai kuma jimillar da kogi ya kwaso a shekara, wadda ake samu in an ninka kaurin da yawan ruwan da ya wuce. Ruwan farko da ya wanke busasshiyar ƙasa yakan fi kauri. Na tsakiyar Agusta bai kai shi kauri ba, amma da yake ya fi yawa, yana iya fin kwasar kaya. Wanda ya ɗebi kwalba ɗaya rana ɗaya ya tafi, kaɗan ya sani.

Farin 1973 da na 1984 ne suka tura hankali ga noman rani. An kafa ONAHA, hukumar kula da filayen ban-ruwa ta Nijar, a 1978, a farkon shekarun 1980 kuma aka buɗe filin ban-ruwa na Jiratawa, wajen hekta 500, da ruwan da ake jawowa daga ƙarƙashin ƙasa. A wancan zamani hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da ƙa'idar ruwan ban-ruwa a 1976, ta sabunta a 1985: ƙasa da miligiram 450 a lita ba damuwa, daga 450 zuwa 2,000 sai da lura, abin da ya haura haka matsala ce babba. Lissafin da ke bayan wannan yana da ban tsoro. A ce ruwanka na da miligiram 500, ka zuba wa hekta ɗaya ruwa mai zurfin mita ɗaya a kakar noma. Tan 5 na gishiri ke nan ka shigar. Rana da tsiro sun ɗauke ruwan, gishirin ya tsaya, kamar miyar da aka manta kan wuta. In ba a samu ruwan da zai wanke shi ya yi ƙasa da saiwa ba, albasa ce kan fara nuna alama, don ba ta jure gishiri kamar alkama ko auduga.

A 1989 aka kammala madatsar Jibiya a kan kogin Gada, mai cin ruwa mita-kubik miliyan 142. A 1990 Nijar da Najeriya suka sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri game da rabon ruwan da suka haɗa, har da Gada da Gulbin Maraɗi. Madatsa tana sauya lokacin zuwan ruwa da yawansa, alhali ambaliyar ce ke wanke fadama ta kuma cika ruwan ƙarƙashin ƙasa. A ganina, duk muhawarar da aka tsayar kan yawan ruwa kawai ta bar rabin zancen a baya.

Sai dai darasin da ya fi ciwo daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. A Tsibirin Gobir, wani foraj (rijiyar burtsatse) mai zurfi da aka fara sha a 1985 yana ɗauke da sinadarin fuloraid sama da miligiram 4 a lita, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 1.5 ce. An yi kimanin shekara 15 ana sha. Dubban yara haƙoransu suka rine, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Fuloraid a wannan adadi ba shi da ɗanɗano ko launi. Na'urar lantarki ma ba za ta tona shi ba, tunda jimilla take bayarwa, ba ta ce wannan kalsiyam ne, wancan sodiyam, wancan naitiret ɗin takin zamani. Miligiram 4 ko 5 cikin ɗaruruwa ɓacewa suke yi. Sai an nemi sinadarin da sunansa.

Yanzu na'urar awon ta koma kamar alƙalami, tana shiga aljihu, mai lambun zogale ma zai iya mallaka. Tana da sharaɗi: zafi na ƙara lambar da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri, shi ya sa ake mayar da awo kan digiri 25, abin da ke da muhimmanci a garin da Afrilu ke haura 40. Mai son lambar ta yi masa amfani sai ya riƙe rijiya ɗaya, ya auna a Oktoba bayan gulbi ya janye, ya sake a Mayu kafin ruwan farko, ya rubuta kwanan wata da zurfin ruwan a littafi. Ruwan sha kuwa, musamman na sabon foraj, kwalba ake cikawa a kai ɗakin gwaje-gwaje a nemi fuloraid da naitiret.