Waiwaye: Daga Ina Hotunan Biranen Da Teku Ya Cinye Suka Samo Asali?

Tun da damina ta kankama akwai wasu hotuna biyu da ke yawo a wayoyin mutanen ƙauyenmu na kwarin Haɗeja. A na farko ana ganin dogayen benayen Legas ruwa ya kai musu hawa na uku, kwale-kwale na ratsa inda motocin haya suka saba bi, an kuma rubuta 2050 a ƙasansa. A na biyu wata ƙofar ganuwar Kano ce igiyar teku ke duka. Yaron da ke shagon cajin waya ne ya fara nuna su a majalisar da ake zama gindin darbejiya bayan la'asar, kuma daga ranar gardama ba ta lafa ba. Wasu sun ce ƙaryar kwamfuta ce da ake tsorata talaka da ita, wasu sun ce shiga hurumin Allah ne mutum ya zana abin da bai zo ba, matasa kuwa sun dage cewa masana ne suka faɗa. Irin wannan musun ake yi a Facebook da shirye-shiryen rediyo na kiran waya, kuma yawancin masu yin sa sun ɗauka lamarin jiya ya ɓullo tare da ƙirƙirarriyar basira.

Gaskiya ne na'ura ce ta zana hotunan biyu, amma tunanin da ke bayansu ya girmi duk mai zama a majalisar. A 1896 wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa cewa ƙaruwar iskar kabon a sama za ta ɗumama duniya. A 1958 Charles Keeling ya fara auna iskar a tsaunin Mauna Loa na Hawai, ya same ta wajen kashi 315 cikin miliyan, yau kuwa ta haura 420. A 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle a Kano, aka kafa kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan aka yi taron Riyo a 1992, da yarjejeniyar Kiyoto a 1997, da ta Paris a 2015. Abin da awo ya tabbatar shi ne teku ya hau da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, saboda ruwa yana kumbura idan ya ɗumama, ƙanƙarar tsaunuka da ta Girinlan da Antatika kuma tana narkewa tana kwarara cikinsa. Saurin hawan ya tashi daga milimita 1.3 a shekara a farkon ƙarnin da ya wuce zuwa 3.7 tsakanin 2006 da 2018.

Santimita 20 bai wuce taƙi guda ba, kuma taƙi guda ba ya ɗaukar hoto, shi ya sa tun da wuri masu son faɗakarwa suka koma ga zane da kwaikwayo, tunda gani ya kori ji. A 1986 wata mujallar Jamus ta fito da babban cocin birnin Kolon tsamo-tsamo cikin teku a bangonta, alhali birnin yana can cikin ƙasa nesa da gaɓa. A 2009 shugaban tsibiran Maldibs, Mohamed Nasheed, ya yi zaman majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa da kayan ninƙaya, a 2021 kuma ministan harkokin wajen ƙasar tsibiran Tubalu, Simon Kofe, ya yi wa taron sauyin yanayi na Gilasgo jawabi yana tsaye cikin teku ruwa iya gwiwa. Waɗannan duk an san su, ana kuma yawan maimaita su.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne cikin kwana 11 na watan Fabrairun 2000, kuma a ganina shi ne mahaɗar da labarin ya sauya hanya. Kafin mutum ya ce ruwa zai kai wuri kaza, dole ya san abu biyu, wato tsayin ruwan da tsayin ƙasar da ruwan zai hau. Na farkon an daɗe ana auna shi da ma'aunan da ke kafe a tashoshin jiragen ruwa, kuma daga 1992 tauraron ɗan'adam na haɗin gwiwar Amurka da Faransa ya shiga auna shi daga sama. Na biyun ne aka bari a baya. Kowace ƙasa tana da nata taswirori, da yawansu tun na zamanin Turawa, wasu a kulle saboda dalilan tsaro, kuma layukan da ke nuna tudu da kwari a kansu sukan yi tazarar ƙafa 50 tsakanin wannan da wancan. Taswirar tsayin ƙasa ta duniya baki ɗaya da aka kammala a 1996 tana ba kowane fili mai faɗin kusan kilomita guda lamba ɗaya tak, ta yadda ƙauye da fadamarsa da tudun makabartarsa duk za su zama wuri guda mai tsayi guda. Da irin wannan awo babu mai iya cewa ga layin da ruwan mita ɗaya zai tsaya.

Ranar 11 ga Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya tashi daga Amurka ɗauke da mutum shida da wata na'ura mai harba sigina zuwa ƙasa ta saurari dawowarsa. Dabarar aikin tana cikin kunnuwan na'urar guda biyu, ɗaya a cikin kumbon, ɗayan a ƙarshen wata sanda mai tsawon mita 60 da aka miƙe a sararin sama. Kamar yadda ido biyu ke ba mutum damar gane nisan abu fiye da ido ɗaya, haka ɗan bambancin da ke tsakanin abin da kunnuwan biyu suka ji ya ba da tsayin kowane wuri da siginar ya taɓa. Siginar ba ruwansa da gajimare ko duhun dare, don haka daga nisan kusan kilomita 230 aka shafe kimanin kashi 80 cikin 100 na busasshiyar ƙasar duniya, har da Afirka gaba ɗayanta. Da farko abin da aka saki ga ƙasashen da ba Amurka ba lamba ɗaya ce ga kowane fili mai faɗin mita 90, sai a 2014 aka fara sakin na mita 30, aka kuma fara da Afirka. Kyauta ake sauke shi a intanet, kuma daga nan ne duk ɗalibin da ke da kwamfuta ya samu ikon zuba wa kowane birni ruwan mita ɗaya ko biyu ya ga unguwannin da za su koma shuɗi. Akasarin taswirorin ambaliyar teku da suka cika jaridu a shekaru 15 da suka biyo baya daga awon waɗannan kwanaki 11 suka fito.

Sai dai awon yana da wani aibu da ke cikin yanayin aikin kansa. Siginar yana dawowa ne daga abin da ya fara cin karo da shi, saboda haka a kurmi kan bishiyoyi yake aunawa, a birni kuma rufin gidaje. Mutum ya ɗauka an aiko shi ya auna zurfin tsakar gida, sai ya tsaya a kan soro ya ba da lissafi. A yankunan gaɓar teku wannan ya sa ƙasa ta fito sama da yadda take da kimanin mita 2 a matsakaici, kuma kuskuren ya fi tsanani a inda gine-gine suka fi cunkushewa, wato inda mutane suka fi yawa. Idan aka tuna cewa duk hawan tekun da aka yi a shekara ɗari bai wuce taƙi ba, za a gane cewa kuskuren mita 2 ya isa ya ɓoye gari guda. Shekaru masu yawa ana musu kan ko teku zai hau rabin mita ko mita ɗaya nan da 2100, alhali rashin sanin tsayin ƙasar da mutane ke kwana a kanta ya fi wannan tazarar girma.

A watan Oktoban 2019 masu bincike biyu na cibiyar Climate Central, Scott Kulp da Benjamin Strauss, suka wallafa gyaran wannan awo. Sun koya wa kwamfuta gane girman kuskuren ta hanyar kwatanta shi da wuraren da aka auna ƙasa sosai da hasken lesa daga jirgin sama, sannan suka sa ta cire tsayin bishiyoyi da rufi a sauran gaɓoɓin duniya. Tsohon lissafi yana cewa mutum miliyan 79 ne ke zaune a ƙasar da ambaliyar teku za ta riƙa kaiwa aƙalla sau ɗaya a shekara nan da 2050, sabon kuwa ya ce miliyan 300, mafi yawansu a Sin da Bangaladash da Indiya da Biyetnam da Indonesiya da Tailan. Hasashen hawan tekun bai ƙaru da ko ɗigo ba tsakanin lissafin biyu, ƙasar ce kawai aka gano ta fi kusa da ruwa. Lambar 2050 da ke ƙasan hoton Legas tana da alaƙa da irin wannan bincike, ko da yake ruwan da ya kai hawa na uku ƙarin gishiri ne na mai zane, domin babu hasashen da ya kai ko kusa da haka a wannan ƙarnin.

Har gyararrun taswirorin suna cika birni ne kamar yadda ake cika kwano, ba sa la'akari da jingar da aka gina, ko magudanar da shara ta toshe, ko ƙasar da ke lotsawa. A birnin Jakarta na Indonesiya wasu unguwannin arewa suna nutsewa da fiye da santimita 10 a shekara, galibi saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa ta rijiyoyin burtsatse, abin da ya ninka hawan teku sau da yawa, kuma yana cikin dalilan da suka sa Indonesiya ta sanar a 2019 cewa za ta mayar da babban birninta tsibirin Boniyo. A nan gida ma garin Ayetoro na jihar Ondo ya rasa gidaje da tituna ga teku ba tare da jiran 2050 ba.

Hoton ƙofar Kano kuwa babu ƙamshin gaskiya a cikinsa. Kano tana sama da teku da fiye da mita 400, kuma ko da duk ƙanƙarar duniya ta narke, hawan ba zai wuce kimanin mita 70 ba. Amma wannan bai raba mu da zancen ba. 'Ya'yanmu na ci-rani a Agege da Idi-Araba suke, tumatir da albasar Kadawa a kasuwar Mile 12 ake sauke su, sannan ɗumamar da ke kumbura teku ita ce ke sa iska ta riƙe ƙarin danshi da kusan kashi 7 cikin 100 a kowane digiri ɗaya, ta juye shi a lokaci guda. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta 2022 ta kashe fiye da 600, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, daga Ringim da Miga har Auyo da Kafin Hausa.

A nan ma tsayin ƙasa ne ke raba mai kuka da mai jaje. Sunan jihar kansa yana nufin tudun yashi, kuma tsofaffin garuruwanmu a kan irin waɗannan jigayi aka kafa su, aka bar kwari ga shinkafa da kamun kifi. Farin 1973 da na 1984 suka zo, aka yi shekaru kusan 20 ruwa bai kai inda ya saba kaiwa ba, jama'a kuma na ƙaruwa, sai sababbin gidaje suka gangara fadama kaɗan-kaɗan, har aka haifi waɗanda ba su taɓa ganin ruwa a wurin ba suka gaji filayen. A gefe guda kachala ta cika hanyoyin ruwa, yashi ya cike wasu, ta yadda kogin da ya cika ba ya samun tsohuwar hanyarsa. Ɗakin da na gina wa iyalina a ƙasan gari yana cikin waɗanda suka zube a 2022, bayan mun kwana uku muna jera buhunan yashi a kan jinga, alhali gidan mahaifina da ke sama da shi da abin da bai kai tsayin mutum ba ko zaurensa bai jiƙe ba. Har yau akwai layin da ruwan ya bari a jikin katangar makarantar allo, daidai ƙirjin yaro ɗan shekara 10.

Makon jiya yaron shagon caji ya buɗe taswirar tsayin ƙasa a wayarsa don ya kashe gardama, ya nuna wa kawuna cewa garinmu ya fi teku da mita ɗari uku da wani abu. Tsohon ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da idonsa, ya ce, "To ɗan nan, nuna mini kwazazzabon bayan makabarta, ta nan ruwa ke shigo mana." Yaron ya ce, "Bari in duba, Baba," ya buɗa hoton da yatsu biyu har iya inda yake buɗuwa. Kwazazzabon bai kai faɗin mita 10 ba, saboda haka shi da makabartar da gidaje shida na gefensa duk launi ɗaya suka fito.