Waiwaye: Yadda Ikon Dos Santos Ya Zube a Angola Cikin Shekara Guda

A watan Satumban 2017 José Eduardo dos Santos ya sauka daga mulkin Angola bayan shekara 38, amma sai da ya ƙulle duk ƙofar da yake jin za a iya shigo masa ta ita. Ya riƙe shugabancin jam'iyyar MPLA a hannunsa. 'Yarsa Isabel tana shugabantar Sonangol, kamfanin mai na ƙasa. Ɗansa José Filomeno, wanda ake kira Zenu, shi ke riƙe da asusun ajiyar ƙasa na dala biliyan 5. Majalisa ta zartar da dokar da za ta hana sabon shugaba taɓa manyan soja, 'yan sanda da na leƙen asiri. Magajin ma shi ya zaɓe shi da kansa, wato ministan tsaronsa João Lourenço. Kafin shekara ta zagayo duk wannan shiri ya wargaje.

Dos Santos injiniyan man fetur ne da ya yi karatu a Baku, zamanin Tarayyar Sobiyet. Ya hau mulki a 1979 yana ɗan shekara 37, bayan rasuwar shugaban ƙasar na farko, Agostinho Neto, a Mosko, ƙasar kuwa tana tsakiyar yaƙin basasa da ƙungiyar 'yan tawaye ta UNITA ta Jonas Savimbi. Yaƙin ne ya halatta ɓoye lissafi. UNITA tana sayar da lu'ulu'u ta sayi makamai, gwamnati tana jinginar da ɗanyen man da ba a haƙo ba tukuna ta karɓi bashi, ita ma ta sayi makamai. Cinikin makaman da aka yi ta hannun 'yan kasuwa Pierre Falcone da Arcadi Gaydamak a shekarun 1990, na kusan dala miliyan 790, shi ne ya kai ga shari'ar da aka yi a Paris a 2008 zuwa 2009. Da aka kashe Savimbi a Fabrairun 2002 aka sa hannu kan sulhu a Afrilu, yaƙi ya ƙare, amma salon sarrafa kuɗin na lokacin yaƙi bai ƙare ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba Sonangol da kyau, domin ita ce ƙashin bayan tsarin. A wancan zamani kamfani ɗaya ne ke raba rijiyoyin mai ga kamfanonin waje, shi ke karɓar kuɗin sa hannu, shi ke sayar da kason gwamnati na ɗanyen mai, kuma shi ne abokin haɗin gwiwar waɗanda yake sa wa ido. Kafin ya miƙa kuɗi ga baitulmali, sai ya cire abin da ya ce ya kashe a madadin gwamnati: tallafin mai, biyan basussuka, gina gidaje. Ma'aikatar kuɗi ragowa kawai take gani, shugaban Sonangol kuma fadar shugaban ƙasa yake yi wa bayani, ba majalisa ba. Ƙungiyar Human Rights Watch, bisa alƙaluman Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta ce kimanin dala biliyan 4.2 sun ɓace daga lissafi tsakanin 1997 da 2002. A ƙarshen 2011 asusun da kansa ya gano giɓin dala biliyan 32 tsakanin 2007 da 2010. Daga baya gwamnati ta ce mafi yawan kuɗin Sonangol ce ta kashe su a kan ayyukan ƙasa ba tare da an shigar cikin kasafi ba. Ko da an yarda da wannan bayani, ai shi ne ainihin matsalar: kuɗin da ya kai kusan rubu'in tattalin arzikin ƙasar ya wuce ba tare da majalisa ta gani ba.

Hanya ta biyu ita ce ta abokin gida. Kamfanin waje da ke son rijiya sai a haɗa shi da wani ƙaramin kamfani na cikin gida wanda ba ya kawo jari ko ƙwarewa, sai dai ya karɓi kaso. A 2012 Manuel Vicente, wanda ya shugabanci Sonangol daga 1999, tare da janar biyu na kusa da fada da aka fi sani da Kopelipa da Dino, sun amince cewa suna da hannun jari a Nazaki, abokin haɗin gwiwar kamfanin Cobalt na Amurka. A shekarar ce kuma Vicente ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Da irin wannan rabo aka sayi biyayyar janar-janar da manyan jam'iyya, kuma muddin mai yana tsada tsarin yana tafiya. A 2008 ƙasar tana haƙo kusan ganga miliyan 2 a rana, tana gogayya da Najeriya, MPLA kuma ta ci kashi 82 cikin ɗari na ƙuri'u. Kundin tsarin mulkin 2010 ya soke zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye: wanda sunansa ke saman jerin jam'iyyar da ta ci zaɓe shi ne shugaba.

Faɗuwar farashin mai daga 2014 ce ta fara sassauta igiyar. Kwanza, kuɗin ƙasar, ta karye, dala ta yi wuya, shara ta taru a titunan Luanda saboda ba a biyan masu kwashewa, cutar shawara ta ɓarke a 2016. Abin rabo ya ragu, shugaba kuma ya tsufa yana jinya a Sifaniya. A daidai wannan lokaci ya naɗa Isabel kan Sonangol, a Yunin 2016, abin da ya ɓata wa manyan jam'iyya rai fiye da yadda ya zata.

Lourenço ya san halin gidan. A farkon shekarun 2000, da Dos Santos ya ce ba zai sake tsayawa ba, ya nuna kwaɗayin kujerar, sai aka cire shi daga sakataren jam'iyya aka ajiye shi gefe tsawon shekaru. Da alƙalami ya shigo hannunsa bai jira ba. A Nuwamban 2017 ya kori Isabel, ya canza shugaban 'yan sanda duk da waccan doka. A Janairun 2018 ya cire Zenu. A Satumban 2018 tsohon shugaban ya miƙa ragamar MPLA, a watan ne kuma aka kama ɗansa Zenu. Kuskuren lissafin Dos Santos a fili yake: shi da kansa ya tattara dukkan iko a ofishin shugaban ƙasa, naɗi da kora da kwangila, don haka ranar da ya bar ofishin masu biyayya suka bi kujera. A Nuwamban 2018 sai ga mutumin da ba kasafai yake magana da 'yan jarida ba ya kira su yana kare kansa, yana cewa ya bar dala biliyan 15, ba baitulmali wayam ba kamar yadda magajinsa ya faɗa. A Afrilun 2019 ya koma Barcelona.

Sauran ya zo da sauri. Wata kotu a Luanda ta daskarar da kadarorin Isabel a Disamban 2019. A Janairun 2020 bayanan sirri na Luanda Leaks, takardu sama da 700,000, suka nuna yadda aka tura kimanin dala miliyan 58 daga Sonangol zuwa wani kamfanin ba da shawara a Dubai a daidai lokacin da aka kore ta. Ita dai ta musanta, tana cewa bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa. A Agustan 2020 aka yanke wa Zenu ɗaurin shekara biyar kan fitar da dala miliyan 500 daga babban banki zuwa wani asusu a Landan, gwamnan bankin na lokacin kuma shekara takwas. Sabbin takardun kwanza da aka fitar a shekarar sun zo da hoton Neto shi kaɗai, an cire fuskar Dos Santos da ta daɗe a gefensa.

Masu cewa yaƙin da cin hanci na zaɓe ne suna da hujja. Lokacin da Fotugal ta tuhumi Vicente da bai wa wani mai gabatar da ƙara toshiya, gwamnatin Lourenço ce ta matsa har aka mayar da shari'ar Luanda a 2018, inda ta yi sanyi. Gyaran da ya taɓa tsarin kansa shi ne na 2019, da aka kafa hukuma ta daban aka ƙwace ikon raba rijiyoyi daga Sonangol. Ikon ofishin shugaban ƙasa kuwa yana nan yadda aka gada.

Magoya bayan Dos Santos suna tuna shi da cewa bayan nasarar 2002 bai bi mayaƙan UNITA da kisa ba, ya yi afuwa, ya shigar da janar-janar ɗinsu cikin soja, ya gyara hanyoyi da layukan dogo da bashin China. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ta yi shekara 27 tana yaƙi. Amma mutanen unguwannin marasa galihu na Luanda, waɗanda ke sayen ruwa daga tanka a shekarun da mai ya haura dala 100, suna da nasu lissafin.

Dos Santos ya rasu a asibiti a Barcelona ranar 8 ga Yulin 2022. Wasu daga cikin 'ya'yansa suka ƙi yarda a kai gawar gida kafin zaɓe, suna zargin jam'iyyar da ta wulaƙanta shi za ta yi kamfe da ita, har sai da kotun Sifaniya ta miƙa ta ga matarsa Ana Paula. Gawar ta isa Luanda kwana huɗu kafin zaɓen 24 ga Agusta, aka yi masa jana'izar ƙasa ranar 28. A zaɓen MPLA ta samu kashi 51, mafi ƙanƙanta a tarihinta, UNITA kuma ta cinye Luanda.