Waiwaye: Zimbabuwe ta rasa Mtawarira tun bai cika ashirin ba

Tun Janairun 2022 da hukumar zari-ruga ta duniya ta sassauta dokar sauya ƙasa, maganar ta ƙi mutuwa a majalisun shayi na unguwannin Nima da Mamobi a Akra. Yanzu ɗan wasa zai iya komawa ƙasar da aka haife shi, ko ƙasar haihuwar iyayensa ko kakanninsa, in ya yi shekara uku bai buga wa ta farko ba. Wasu samari na cewa a bazama neman 'ya'yan Gana da ke Turai, kamar yadda Black Stars, tawagar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, ta samu Inaki Williams da Tariq Lamptey a shekarar. Wasu kuma sun kafe cewa wanda ya sa rigar wata ƙasa ya ci amanar gida. Duk wanda zai shiga wannan musu, ya fara duba labarin Tendai Mtawarira.

Abin da aka fi sani gajere ne. An haife shi a Harare a 1985, ya fara buga wa Afirka ta Kudu a 2008 a karawa da Wales. A 2009 ya girgiza 'yan gaban tawagar Lions, haɗakar 'yan wasan Birtaniya da Ireland, a Durban. A 2010 aka ajiye shi saboda fasfonsa na Zimbabuwe, har sai da ya samu takardar zama ɗan ƙasa a watan Yuni. Ya buga wasa 117, ya rufe da ɗaga kofin duniya a 2019, ranar da suka doke Ingila 32 da 12 a Yokohama.

Rikicin fasfon nan shi ake ta maimaitawa, alhali kafin a zo wurin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Yana ɗalibin sakandare a Zimbabuwe, a bayan sahun 'yan gaba yake bugawa, cikin masu ɗaukar ƙwallo su ruga. Da ya gama sai ya nufi makarantar horon ƙungiyar Sharks a Durban. A can ne kocin ƙungiyar, Dick Muir, ya dubi ƙirarsa ya ba shi shawarar komawa sahun farko, lamba 1. Wanda bai san wasan ba zai ce ai sauyin lamba ne kawai. Ina! A turereniya mutum takwas ne ke karo da takwas, kuma ƙarfin duka yana bi ta wuya da kafaɗu da gadon bayan na gaba. Sai ka koyi inda za ka kafa ƙafa, yadda za ka cafki rigar abokin karawa, yadda za ka miƙe baya kada a lanƙwasa ka. Wannan ba a koyonsa a fili mai tsakuwa da yamma bayan an tashi aiki. Yana buƙatar kocin da ya san sirrin wurin, da ɗakin ɗaga ƙarfe, da abinci mai riƙe jiki, da likita a kusa, da ƙattin da za ka gwada ƙarfi da su kullum, da albashin da zai hana ka tafiya neman na tuwo. Durban na da waɗannan. A ganina, shekarun nan ne suka raba shi da rigar ƙasarsa: kafin ya cika sharaɗin zaman shekara uku da dokar lokacin ta gindaya, sana'arsa gaba ɗaya can aka gina ta.

Kuma ba wai Zimbabuwe baƙuwa ce a wasan ba. Ta je gasar duniya a 1987 da 1991, sannan ba ta sake samun gurbi ba sai da ta doke Namibiya a Kampala a 2025. A tsakanin nan David Pocock, wanda ya tashi a Zimbabuwe, ya zama jigon Ostareliya.

Gana ta zama cikakkiyar mamba a hukumar duniya a 2017. Ina ganin yaranmu masu faɗin ƙirji suna atisaye ba takalmin kirki, suna wanke ƙujewa da ruwan leda, kuma abin yana damuna. A musun majalisa ban cika jin an tambayi inda ɗan shekara goma sha takwas irinsu zai je ya koyi lamba 1 ba tare da ya bar Akra ko Kumasi ba.