Kwanciya Ba Ta Tsare Ciki

Da ciki ya kai wata huɗu sai a ce wa mace, "Zauna, 'yar nan, kada ya zube." Ƙauna ce, amma kuskure ne. Yawancin ɓari a watanni ukun farko yake faruwa, galibi saboda matsalar halittar tayin, ba don uwa ta yi tafiya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai ciki lafiyayya ta motsa jiki minti 150 a mako. Tattaki bayan la'asar ya wadatar, muddin tana iya hira ba haki. Yana sassauta ciwon baya, yana rage haɗarin ciwon suga. Idan ta ga jini ko jiri ya ɗebe ta, ta dakata, a kai ta asibiti.