Dokar talabijin ta dijital: abin da ta sauya da abin da ya kamata NBC ta ƙara

Jama'a da dama a Kaduna sun ɗauka komawa dijital batun sayen dikodar FreeTV, wato akwatin kama tashoshin dijital, ne kawai, alhali tsarin ya taɓa rabon aiki ne tun daga tushe.

Asalinsa yarjejeniyar Geneva ce ta 2006, inda ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, a kashe tsohon tsarin analog a Yunin 2015. Najeriya ba ta cika wa'adin ba. An fara da Jos a 2016, Kaduna ta samu nata a Disambar 2017.

A da kowace tasha, NTA Kaduna ko DITV, ita ke shirya shirinta, ita ke watsa shi da turakunta. Yanzu tasha ta shirya, kamfanin rarraba sigina mai lasisin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, ya ɗauka ya kai gidaje. An kuma tsayar da ma'auni guda na watsa sigina ta turaku, DVB-T2, wanda dole kowace dikodar da ke kama irin wannan sigina ta dace da shi.

Ma'aunin nan ne ya fi damuna, domin yadda ake aika shiri yana sauyawa a duniya. Ɗauki wasan ƙwallo. Galibi a yau hayaniyar 'yan kallo da muryar mai sharhi a cakuɗe suke zuwa, ba ka da ikon raba su. A sabuwar hanyar kuwa, kowanne daban ake turo shi: sharhi daban, hayaniya daban, rubutun ƙasan allo daban, tare da umarnin yadda za a haɗa su. Akwatinka ne ke haɗawa yadda ka zaɓa. Dattijon da kunnensa ya yi nauyi sai ya ɗaga murya ya sauke kiɗa. Makaho ya kunna mai bayyana masa abin da ke faruwa a allo. Gidan kallo a Tudun Wada ya saurari sharhi da Hausa, na Sabon Tasha da Turanci, duk a tasha ɗaya, lokaci ɗaya. A garin da harsuna suka yi yawa kamar namu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Koriya ta Kudu ta fara amfani da irin wannan tsarin sauti, MPEG-H, tun 2017.

Ƙa'idojin DVB, waɗanda DVB-T2 ke cikinsu, sun ba da damar MPEG-H da wani tsarin sauti makamancinsa, AC-4, amma dama ce, ba tilas ba. Dikodar da ba a ƙera ta da wannan fasaha ba, ko an turo mata irin wannan sauti ba za ta iya karanta shi ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata NBC ta rubuta shi cikin sharuɗɗan dikoda da talabijin ɗin da za a riƙa shigowa da su ko haɗawa a gida, ta kuma ɗora wa manyan tashoshi sharaɗin samar da sharhi a harsunan gida. In aka bari sai kasuwa ta cika da akwatunan da ba su iya ba, talakan da ya sayi dikoda jiya shi za a sake cewa ya sayi wata.