Tsuntsun Masaƙar Bama Ba Gunki Ba Ne

Mutane da yawa idan suka ga tsohon tsuntsun katako da aka sassaƙa a ƙasar Bama, wato Myanmar, sai su ce gunki ne. A'a, kayan aikin saƙa ne. Duba ƙasansa da kyau, za ka ga ɗan faifai mai juyawa, inda igiya ke bi tana ɗaga zare tana saukewa idan masaƙiya ta taka mataki. Wurin ma har ya yi sulɓi saboda gugar igiya.

Tsuntsun da aka fi sassaƙawa sunansa hintha, alamar ƙabilar Mon. A tatsuniyarsu, an kafa birnin Bago ne inda aka ga hintha biyu kan ɗan tsibiri, macen a kan bayan namijin don ƙarancin wuri.